Katin zama ya ɓata ko an yi kuskure a sunanka: ta ina za ka fara?

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba. Yau maganar takardu za mu yi, takardar izinin zama na dindindin a ƙasar da ba taka ba: idan ta ɓata, ko ta ƙone, ko ta zo da kuskure a suna ko ranar haihuwa, me mutum zai yi?

Na san wani zai ce, to ni da nake zaune a Bagega ko Gummi ko Bukkuyum, ina ruwana da katin zama? Ɗan uwa, ruwanka ya kai biyu. Akwai baƙin da ke zaune cikinmu, sannan akwai namu da ke zaune a ƙasashen wasu.

Bari mu fara da gida. Zinare ya daɗe yana jawo mutane Bagega da ƙauyukan Anka, daga Nijar da Burkina Faso da Mali, har da 'yan Sin. Wasu sun yi aure a nan, sun haihu, sun manta ma cewa a idon hukuma baƙi ne. A watan Afrilun 2019 da gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, an ba baƙin da ke wuraren haƙa awa 48 su tashi. A irin wannan rana ba wanda zai tambaye ka shekara nawa ka yi kana sallah a masallacin garin. Takarda za a tambaya. An ɗage haramcin a Disambar 2024, amma tambayar takarda tana nan.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza, ya zauna har kwana 90. Kwana 90 fa, ba shekara tara ba. Wanda zai zarce sai ya nemi katin zama na ECOWAS a Hukumar Shige da Fice. Wanda ba ɗan ECOWAS ba kuwa, nasa katin shi ne CERPAC, wanda aka ninka kuɗinsa zuwa dala 2,000 a ƙarshen 2018. Sai kuma ga shi Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu, a bar su da 'yancin shiga da zama, har sai an sake sanarwa. Ku lura da wannan "har sai an sake sanarwa" ɗin. Alfarma ce, ana iya janye ta. Ni a ganina duk ɗan Maraɗi ko Ƙonni da ke zaune a yankinmu, yanzu ne lokacin gyara takardunsa, tun ƙofar na buɗe.

Akwai wani abu da matasa da yawa ba su sani ba. Idan a Najeriya aka haife ka, kuma mahaifiyarka ko mahaifinka ko ɗaya daga cikin kakanninka ɗan Najeriya ne, sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce kai ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Wato yaron da babansa Banijare ne, mamarsa 'yar Anka, aka haife shi a Bagega, ba katin zama zai nema ba. NIN da fasfon Najeriya haƙƙinsa ne. Macen da ta auri ɗan Najeriya tana iya neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista a ƙarƙashin sashe na 26. Namijin da ya auri 'yar Najeriya bai samu wannan gatan ba, shi sai hanyar sashe na 27, mai neman zaman shekara 15.

To idan katin ya ɓata fa? A yankinmu ba sai ka yi sakaci ba. Mutum yana gudun tsira da rai cikin dare, ɗaki ya ci wuta, wa ke tuna jakar takardu? Matakin farko rahoton 'yan sanda, na biyu takardar rantsuwa a kotu, wadda muka fi sani da afidabit, sannan ka kai su tare da fasfonka ofishin shige da fice na jiha a Gusau. Abin da ke sauƙaƙa komai shi ne lambar katin. Idan kana da hotonsa a waya, gaba da baya, an gama rabin aikin, don da lambar za a nemo fayil ɗinka. Kuma kar hoton ya tsaya a wayar kaɗai, wayar ma tafiya take yi. Tura shi imel ɗinka, ka tura wa wani ɗan uwa amintacce a wani garin.

Yanzu mu zo inda Bahaushe ya fi shan wahala: suna. Mutum ɗaya, a takardar firamare Muhammadu, a ta WAEC Mohammed, a NIN Muhammad, a banki Muh'd. Mu a wajenmu duk sunan nan ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san haka ba, mutum huɗu take gani. Ga kuma al'adar sa sunan gari a ƙarshe, wane Anka, wane Gummi, a wata takardar garin ya zama sunan iyali, a wata kuma sunan uba ne a wajen. Ranar haihuwa kuma kun sani, rabin ajinmu 1 ga Janairu aka haife su.

Ƙa'idar da nake so ku riƙe ita ce, katin zama kwafe yake yi daga fasfo, fasfon Najeriya kuma yanzu dole ya dace da NIN. Saboda haka gyara daga tushe ake farowa. Ka gyara a NIMC, ka gyara fasfo, sannan ka je wa ƙasar da kake zaune da hujja. Wanda ya fara daga sama zai biya kuɗi sau biyu.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Amurka, saboda tsarinsu a rubuce yake dalla-dalla, kuma muna da Hausawa da yawa can, musamman a Bronx ta birnin New York. Katinsu na zaman dindindin shi ne girin kad. Abu na farko: katin daban, matsayin daban. Katin shekara 10 yake yi, amma ƙarewarsa ko ɓatansa ba ya soke matsayinka na mazaunin dindindin. Sai dai dokarsu ta wajabta wa duk mai shekara 18 zuwa sama ya riƙa yawo da shi, kuma in babu shi, samun sabon aiki da hawa jirgi su koma tashin hankali.

Fom ɗin da ake cikewa sunansa I-90, ana miƙa shi ga hukumar USCIS. Shi ne na katin da ya ɓata, ko aka sace, ko ya lalace, ko zai ƙare nan da wata shida, ko aka canza suna bisa doka. Daga 1 ga Afrilun 2024 kuɗinsa dala 415 ta intanet, dala 465 a takarda. Ka duba shafinsu kafin ka biya, don kuɗin kan sauya.

A nan ne tambayar "laifin wa?" take da tsada. Idan kai ka ba su bayani daidai, su suka buga ba daidai ba, gyaran kyauta ne, amma dole ka mayar musu da ainihin katin mai kuskuren, tare da hujjar abin da yake daidai. Idan kuwa abin da ke fasfonka suka kwafa, fasfon ne ke da matsala, to aljihunka zai yi magana. Akwai ma wani abin ban dariya da ban takaici: wanda fasfonsa ke da suna ɗaya tal, sai ka ga an rubuta masa FNU a gurbin sunan farko, ma'ana ba a san sunansa na farko ba. Akwai mutanen da suka yi shekaru ana kiran su Malam FNU a asibiti da banki.

Bayan ka miƙa fom ɗin za a aiko maka da takardar shaidar karɓa. Kar ka raina ta. Ga masu sabunta katin da ya ƙare, tun Satumbar 2024 wannan takarda tana ƙara wa tsohon katin wata 36. Wanda nasa ya ɓata gaba ɗaya kuma yana buƙatar shaida da gaggawa, yana iya neman a buga masa hatimin wucin gadi a fasfo. Kuma in ka tashi daga gidan da kake, dokar ta ce ka sanar da su sabon adireshi cikin kwana 10, in ba haka ba sabon katin ya tafi akwatin wasiƙar wani.

Hattara ɗaya: wanda ya samu katin ta aure, kuma auren bai kai shekara biyu ba lokacin da aka ba shi, nasa na shekara biyu ne mai sharaɗi. Shi ba I-90 zai cike don sabuntawa ba, I-751 ne, cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katin ya ƙare. Kuma shi in ya bari ya ƙare bai miƙa ba, matsayin nasa ne ke faɗuwa, ba katin kaɗai ba.

Sai wadda ta fi faruwa da mutanenmu. Ka zo gida bikin ƙanwarka ko ganin tsohuwa, walat ya ɓata a tasha ko a hanyar Anka zuwa Gusau, girin kad na ciki. Kamfanin jirgi ba zai ɗauke ka haka nan ba. Abin yi shi ne fom I-131A, a biya dala 575 ta intanet, a je ofishin jakadancin Amurka a Najeriya, su manna maka takardar hawa jirgi a fasfo. Kwanakinta ƙalilan ne, yawanci 30, don haka ka shirya tikiti. Bayan ka sauka can sai ka cike I-90. Amma sharaɗin shi ne ba ka kai shekara ɗaya a waje ba. Wanda ya zo gida ya miƙe ƙafa, noma ya riƙe shi, aure ya riƙe shi, har shekara ta zagayo, katinsa ko yana aljihu ba zai shigar da shi ba. Sai ya nemi bizar mazaunin da ke komawa, SB-1, ya kuma nuna cewa abin da ya fi ƙarfinsa ne ya tsare shi, kamar rashin lafiya mai tsanani. Ba kowa ake ba ba. Wanda ya san zai daɗe, tun yana can zai nemi izinin sake shiga da fom I-131, mai aiki har shekara biyu. Daga Najeriya ba a nemansa.

In kuma a filin jirgi wani jami'i ya miƙo maka fom I-407 ya ce ka sa hannu, ka karanta tukuna. Takardar ajiye matsayinka ce da kanka, kuma ba dole ba ce. Kana da damar cewa a kai maganar gaban alƙalin shige da fice.

Na ƙarshe, maganar ejan. Wallahi duk wanda ya ce maka zai buga maka sabon kati a shagon kwamfuta, ko zai "gyara" shekararka a kan hoton katin, rami yake haƙa maka. Kuskure na gaskiya ana gyara shi da hujja, komai daɗewa. Takardar jabu kuwa, a dokar Amurka ƙarya da gangan wajen neman biza ko izinin zama tana iya hana mutum shiga ƙasar har ƙarshen rayuwarsa, a Najeriya ma Dokar Shige da Fice ta 2015 ta mayar da ita laifi. Ka cike fom ɗinka da kanka a shafin hukuma, in Turancin ya yi maka nauyi ka zauna da wanda ka yarda da shi ya karanta maka layi-layi, ka kuma riƙe rasit ɗin duk abin da ka biya.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, amma don Allah kar kowa ya ɗora hoton katinsa ko lambar fasfonsa a nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba.