Zamanin da Wasan Kwamfuta Ke Zuwa a Kaset

Duk wanda ya taɓa ganin yara sun yi cincirindo a gidan gem a kan Grand Theft Auto, da wuya ya kawo a ransa cewa tushen wasan yana komawa ga wani ɗan kulob na samari a Dundee, birnin da ke gaɓar gabashin Sikotilan. Sunan kulob ɗin Kingsway Amateur Computer Club. A nan ne David Jones, Russell Kay, Steve Hammond da Mike Dailly suka san juna a wajajen 1984. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun cika Birtaniya a lokacin. Da yamma sai ka ga yaro ya sungumo kwamfutarsa da rediyon kaset da tulin wayoyi, wani har da ƙaramar talabijin, sun nufi wani aji na makaranta ko ɗakin taron unguwa.

Kwamfutocin nasu su ne ake kira masu bit 8. Bit shi ne mafi ƙanƙantar bayani a kwamfuta, ko sifili ko ɗaya, kuma ƙwaƙwalwar waɗannan na'urori guda 8 take iya ɗauka a tashi ɗaya, wato lamba daga 0 zuwa 255. Wadda ta fi shiga gidajen talakawan Birtaniya ita ce ZX Spectrum, ta kamfanin Clive Sinclair, da ta fito a Afrilun 1982. Mai kilobait 16 fam 125 ce, mai kilobait 48 kuma fam 175. Hoto ɗaya mai megabait 3 da ka ɗauka da wayarka yau ya ninka dukan ma'ajiyar babbar fiye da sau 60. Ba ta da allo nata, sai an jona ta da talabijin ɗin gida, abin da ya sa rigima da iyaye ba ta ƙarewa idan lokacin labarai ya yi. Yawancin iyayen ma sun saya ne da sunan karatu.

Wasa kuwa a kaset yake zuwa, irin kaset ɗin nan dai da muka sha wa'azi da waƙoƙin Shata a cikinsa. Ana mayar da bayanan kwamfuta su zama sauti, wata ƙara mai kama da kukan gyare. Yaro zai rubuta LOAD "" ya danna maɓallin rediyo, sannan ya zauna jira wajen minti biyar, ratsi-ratsi masu launi suna rawa a gefen allo. Idan murya ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ko zaren kaset ya ɗan tauye, sai a ƙarshe na'urar ta ce an samu kuskure, a koma farko. Shi ya sa a kulob akwai gwanin da ake ji da shi don kawai ya iya saita kan rediyo da ɗan sukundireba.

Tunda sauti ne, duk mai rediyo mai baki biyu zai iya kwafa. Babu amfanin ɓoyewa: rabin abin da ke kai yara kulob musayar kaset ne. Mutum ɗaya ya saya, ajin gaba ɗaya ya samu. Kamfanoni sun yi ta kuka, kuma suna da gaskiya. Masu Jet Set Willy na 1984 sun haɗa wasan da wani kati mai ɗaruruwan 'yan murabba'ai masu launi, sai ka duba shi ka shigar da amsa kafin wasa ya buɗe, domin yawancin injinan kwafar takarda na lokacin baƙi da fari kawai suke fitarwa. Yara suka zauna suka kwafe katin da hannu. Mastertronic kuwa ya bi ta wata hanya, ya karya farashi zuwa fam 1.99.

Amma a ganina ba satar kaset ce ta sa ake tuna waɗannan kulob ba. Abin da ya bambanta na'urar shi ne, da ka kunna ta ba abin da za ta nuna maka sai fili, tana jiran umarni da harshen BASIC. Ko wasa kake so, dole ka rubuta mata wani abu. Mujallu irin su Sinclair User sukan buga cikakken tsarin wasa layi-layi, yaro ya kwafa da hannunsa. Ɗaya yana karantawa, ɗaya yana bugawa, a shafe awanni. Waƙafi ɗaya ya kuskure, komai ya tsaya, kuma wani lokacin kuskuren daga maɗaba'a yake. A wajen neman inda ɓarakar take ne yaro ke fara gane abin da kowane layi ke yi. Daga nan sai ya koyi umarnin POKE, wanda ke sauya lamba ɗaya a ma'ajiya, ya ba kansa ran da ba ya ƙarewa a wasa. Wanda ya yi nisa sai ya bar BASIC saboda nawarsa, ya shiga rubutu da harshen injin kansa. Babu intanet da za a tambaya. Ilmin yana hannun wani yaro ne da ya girme ka da shekara biyu, kuma a kulob za ka same shi.

Akwai gardama kuma. 'Yan Commodore 64, wadda ita ma ta fito a 1982, suna taƙama da sautinta mai murya uku, suna yi wa Spectrum dariya saboda maɓallanta na roba da yadda launuka ke cakuɗewa, tunda launi biyu kacal take iya sakawa a kowane ɗan murabba'i na allo. Mai BBC Micro kuwa ɗan masu hali ne, don ta kusan fam 400. Ita ce ta makarantu, gwamnati na biyan rabin kuɗin. A kanta ne ɗaliban Jami'ar Kambirij biyu, David Braben da Ian Bell, suka fitar da Elite a 1984, suka cusa duniyoyi sama da 2,000 cikin kilobait 32. Matthew Smith kuwa bai kai shekara 18 ba sa'ad da ya rubuta Manic Miner a 1983. Sai dai a faɗi gaskiya, harkar kusan ta maza ce zalla, 'yan mata ƙalilan ne suka samu shiga.

Dundee tana da wata dama ta daban: a masana'antar Timex da ke garin ake haɗa Spectrum, kuma David Jones ya yi aiki a can. Da aka sallame shi, kuɗin sallamar ya sa ya sayi kwamfutar Amiga. Kamfanin da ya kafa tare da abokan kulob, DMA Design, ya fitar da Lemmings a 1991, sannan Grand Theft Auto a 1997, daga baya ya koma Rockstar North. Timex ta rufe a 1993 bayan wani yajin aiki mai zafi, amma a 1997 Jami'ar Abertay ta garin ta buɗe digiri a fannin ƙirƙirar wasannin kwamfuta.

Kafin nan zamanin bit 8 ya riga ya shuɗe. Na'urorin Sega da Nintendo sun fi kyau da sauri, amma a kulle suke: ka sa wasa, ka yi, ka cire, ba ƙofar leƙa ciki. Bayan shekarar 2000 malaman Kambirij suka lura cewa masu neman karatun kwamfuta sun ragu, waɗanda suka zo ma ba su da gogewar na baya. Wannan ya sa Eben Upton da abokansa suka fitar da Raspberry Pi a 2012, 'yar kwamfuta ta dala 35 da yaro zai iya kwancewa ya ɓata ba tare da an yi asara ba. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta ƙirar ARM ce, wadda Sophie Wilson da Steve Furber suka tsara a Acorn, kamfanin da ya yi BBC Micro, kuma irinta ce ke cikin kusan kowace wayar salula da ake sayarwa a Farm Centre ta Kano.