Karayar Tattalin Arziki ta 1929: Yadda Bashi da Sakacin Hukuma Suka Durƙusar da Amurka

Ranar Talata 29 ga Oktoba, 1929, an yi cinikin hannayen jari sama da miliyan 16 a kasuwar Wall Street da ke birnin Niyok, kowa na neman rabuwa da abin da ke hannunsa ko da a kan asara. Ma'aunin farashin hannayen jari na Dow Jones, wanda ya kai maki 381 a farkon Satumba, ya gangaro har ya taɓa 41 a watan Yulin 1932.

Tushen abin bashi ne. A shekarun 1920, mutum kan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin hannun jari, dillali ya ranta masa sauran, hannun jarin ya zama jingina. Muddin farashi na hawa, kowa na murna. Da ya fara sauka, dillalai suka ce a ciko kuɗi, wanda ba shi da su aka sayar da nasa. Wannan sayarwar ta ƙara karya farashi, ta jawo wata sayarwar. A lokacin kuma manoma sun daɗe suna kuka da faɗuwar farashin amfanin gona, masana'antu na ƙera motoci da rediyo fiye da abin da aljihun ma'aikata zai iya ɗauka.

Sai dai faɗuwar kasuwa kaɗai ba ta isa ta jefa duniya cikin ƙunci na shekaru ba. Abin da ya yi ɓarnar shi ne mutuwar bankuna. Daga 1930 zuwa 1933 kimanin bankuna 9,000 suka rufe. Babu inshorar ajiya, don haka da an ji raɗe-raɗin banki na tangal-tangal, sai jama'a su yi masa ca, kowa na neman kuɗinsa. Bankin da ya tsira kuwa sai ya ƙanƙame abin da ya rage, ya daina ba da rance. Kuɗin da ke yawo a hannun jama'a ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Babban Bankin Amurka na da ikon kawo ɗauki, amma bai yi yadda ya kamata ba. A watan Oktoban 1931 ma ƙara kuɗin ruwa ya yi, don ya kare zinarin da darajar dala ta dogara a kai. Masana irin su Milton Friedman da Anna Schwartz sun ɗora babban laifin a kan wannan sakaci. Dokar Smoot-Hawley ta 1930, wadda ta ƙara harajin kayan shigowa, ta sa wasu ƙasashe suka rama, ciniki ya tsuke. Raɗaɗin ya iso har Kano, inda farashin gyaɗa ya faɗi warwas. Zuwa 1933, mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki.

Da Franklin Roosevelt ya hau mulki a watan Maris na 1933, ya rufe bankuna na 'yan kwanaki aka tantance su, ya raba dala da zinari, aka kafa hukumar inshorar ajiya ta FDIC. A shekarar ce tattalin arzikin ya fara farfaɗowa. Miliyoyin da suka rasa aiki da ajiyarsu galibi ba su taɓa sayen hannun jari ba. Shi ya sa sa ido a kan bashi da kare ajiyar talaka haƙƙi ne da ke wuyan hukuma tun kafin rikici ya taso.