Kumbura kumatu: Abin da ya raba busar algaita da ta kakaki da begila

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Dutse, ko ya ga tawagar hakimi a Birnin Kudu ko Gwaram, ya san siffar mai busa algaita: kumatu sun kumbura kamar an cusa lemo a kowane gefe, sauti kuma yana fita ba yankewa. Mutane da yawa sun ɗauka wannan kumburin shi ne ma'aunin ƙarfin mabushi. Da wannan fahimta ne yaro daga gari irin Kangire yake ɗaukar begila a faretin makaranta ko na ƙungiyar agaji, ya cika kumatu, sai sauti ya fito a shaƙe, leɓɓansa su gaji kafin a gama zagaye ɗaya. Dalili kuwa shi ne, kayan busa ba hanyarsu ɗaya ba ce.

Algaita tana da ɗan kara mai harshe biyu a bakinta. Mabushi yana shigar da karan gaba ɗaya cikin baki, ya jingina leɓɓansa a wani ɗan faifai da ke ƙasansa. Karan ne ke rawa ya ba da sauti, aikin leɓɓa kawai su toshe iska kada ta zurare. A nan kumatu suna zama rumbun ajiya. Idan iskar huhu ta kusa ƙarewa, sai mabushi ya rufe bayan bakinsa da tushen harshe, ya matse iskar da ke kumatu zuwa cikin algaita, a daidai lokacin kuma ya shaƙi sabuwa ta hanci. Tamkar zugazugin maƙeri ne: gefe ɗaya na hurawa, ɗayan na cika. Masu koyo sukan fara da tsinke mai rami a cikin kofin ruwa, su yi ta hurawa har su iya shaƙar iska ba tare da kumfar ruwan ta tsaya ba.

Wannan dabara ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A 1997 Kenny G, mai busa saksofon ɗan Amurka, ya riƙe sauti guda na minti 45 da daƙiƙa 47 da ita. A watan Mayun 2017 Femi Kuti ya kai minti 51 da daƙiƙa 35 a Legas.

Kakaki kuwa daban yake. Dogon bututu ne na tagulla ko farin ƙarfe, wanda tsawonsa kan wuce mita 2, kuma Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fara shigo da su fada. Ba shi da kara, ba shi da hudojin yatsa. Leɓɓan mabushi ne da kansu ke karkarwa a bakin bututun, bututun ya ƙara wa sautin girma. Idan an ɗaure leɓɓa aka ƙara saurin iska, sauti ya hau. Idan an sassauta, ya sauka. Da ƴan sautuka biyu ko uku ake kwaikwayon hawa da saukar murya a kirarin sarki. Busar tana zuwa ne guntu-guntu, don haka mabushi na da sararin numfashi, ba ya buƙatar rumbun iska irin na mai algaita, ko da yake wasu kan cika kumatu saboda yawan iskar da dogon bututu ke ci.

Begila da sauran kayan badujalar soja da ƴan sanda dangin kakaki ne, sai dai su ana nema musu sautuka da yawa, har da masu tsananin hawa. Shi ya sa malaman wannan busa suke hana ɗalibi kumbura kumatu. Naman da ya kewaye baki da na kumatu a haɗe suke a kusurwoyin leɓɓa. Idan kumatu suka buɗe, sai su ja kusurwoyin, ramin da iska ke bi ya lalace. Daga nan ɗalibi yakan rama da danna ƙarfen a kan leɓe, wanda ke jawo kumburi da tsagewa. Louis Armstrong, shahararren mai busa na Amurka, ya sha fama da ciwon leɓe a tsawon sana'arsa. Akan kafa hujja da Dizzy Gillespie, wanda ya rasu a 1993, domin kumatunsa kan kumbura har zuwa wuya, amma ya yi fice a duniya. Malaman busa suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya fita daban, ba abin koyi ga mai farawa ba.

Akwai kuma batun lafiya. Matsin iska na shekaru yana iya saki naman kumatu, wani lokaci iska ta kutsa ta hanyar da yawu ke fitowa, gefen fuska ya kumbura kusa da kunne. Likitoci sun san wannan a tsakanin masu busa da masu hura gilashi. Wanda ya ga kumburin da bai sauka ba bayan ya ajiye kayan busa, ko yana jin zafi, ya kamata ya je asibiti.

A masarautu irin ta Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, busa sana'ar gado ce da ɗa ke koya a gaban mahaifinsa, ba a rubuce take ba. Matasan da ke shiga badujala kuwa sau da yawa kwaikwayon abin da suka gani a fada suke yi. Malamin da ke horar da su zai rage musu wahala idan ya fara da tambaya guda: a wannan abin busa, kara ne ke rawa ko leɓe? In kara ne, a koyi ajiye iska a kumatu. In leɓe ne, a kame kusurwoyin baki, a turo iska daga ciki.