Kafin Ka Zuba wa Sa Harawa, Gwada Ta

Da an gama kaka a Kafin Hausa da sauran garuruwan fadamar kogin Haɗejiya, rufin ɗakuna da rassan bishiyoyi kan cika da harawar wake da ta gyaɗa. Ita ce jarin mai turka, wanda zai ɗaure sa wata uku ko huɗu kafin ya kai shi kasuwar Maigatari. Amma sau da yawa makiyaya biyu kan zuba dami iri ɗaya, san wannan ya yi tozo, na wancan haƙarƙari a waje. Ba yawan abincin ba ne ya bambanta su, ingancinsa ne.

Tumbin saniya na buƙatar abincin da furotin, wato sinadarin gina jiki, ya kai kusan kashi 7 cikin 100 kafin ya narka ciyawa sosai. Harawar wake ko gyaɗa mai ganye takan haura kashi 10. Gamba da kyasuwar da suka bushe a tsaye cikin rani, da bambaron shinkafa, sukan gaza kashi 5. Dabba za ta cika ciki, amma ba za ta yi nama ba.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Duba launi: mai kore-kore ta fi wadda rana da ruwan sama suka koɗar. Duba ganye, domin a nan amfanin yake. In ya kakkaɓe sai kara, an yi asara. Sansana: warin fumfuna alama ce an ɗaure ta da danshi, kuma tana iya cutar da dabba. Murɗe ta da hannu. In ta yi laushi da sanyi, ba ta gama bushewa ba.

Gwaji na biyu na ɗakin bincike ne, irin na cibiyar NAPRI da ke Shika, Zariya, inda ake auna furotin da danshi. A ɗebo kaɗan-kaɗan daga tsakiyar dammuna da dama a gauraya, kada a tsinto daga sama kawai.

Sakamakon ne zai nuna yawan dusa, angurya ko ƙuli-ƙulin da za a ƙara. Ana kuma inganta bambaro da takin yuriya, amma sai da jagorar malamin gona, don yawansa guba ne. Mafi sauƙi dai, a yanki ciyawa tun tana fara fure, a ajiye ta a inuwa, nesa da ƙasa.