Rumfar da ke kare garin da toka ta binne

Sama da shekara 3,500 da suka wuce, dutse mai aman wuta ya binne garin Akrotiri na tsibirin Santorini a ƙasar Girka. Da masu binciken kayan tarihi suka fara tono a 1967, sai ga benaye da zanen bango, toka ta adana su. To amma abin da toka ta ɓoye, ruwan sama na iya cinye shi, shi ya sa aka yi wa wurin katafariyar rumfa. A 2005 ta rufta, mutum ɗaya ya rasu. Sai a 2012 aka sake buɗe wurin da sabuwa.

Ɗaliban Karaye da Rogo, ku dubi tsofaffin gine-ginen ƙasa na garuruwanku: kowace damina sai ta gutsure su. Wa zai zana musu rumfa in ba ku ba?