Darɓa: ƙaramin ƙwaron da ke barazana ga dashen itatuwa a Kaduna

A duk shekara kafin saukar damina, masu renon dashen itatuwa a bakin titunan unguwannin Malali, Unguwar Rimi da Kawo a birnin Kaduna kan jera dubban ledoji na lemo, mangwaro da gwaiba, suna jiran masu saye.

Sai dai akwai wani ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa girma ba, wanda kan iya lalata wahalar watanni cikin 'yan makwanni. Manoma na kiransa darɓa.

Yadda yake ɓarna

Darɓa kan taru ne a bayan ganye da kan sabon toho, inda take soka bakinta mai kama da allura tana tsotse ruwan da ke ciyar da shuka. Daga nan sai ganyen ya nannaɗe, tohon ya tsumbure.

Babbar bishiya na iya jure wannan, amma dashen da bai wuce ganye goma ba ba shi da ƙarfin farfaɗowa da wuri.

Haka kuma ƙwaron kan fitar da wani ruwa mai danƙo da zaƙi, wanda baƙar fumfuna kan tsiro a kansa ta rufe ganyen, ta hana shi samun hasken rana. Tururuwa da kiyashi na son wannan ruwa, saboda haka sukan yi gadin darɓar, suna korar ƙwarin da ke cinye ta.

Abin da ke sa ta yaɗu da sauri shi ne, a ƙasashe masu zafi macen ba ta buƙatar namiji, kuma haihuwa take yi ba ƙwai ba. 'Ya'yan kan balaga cikin kimanin mako guda. Idan wuri ya cunkushe, sai wasu su fito da fukafukai su tashi zuwa wata shukar.

Darasin 1975

Babban haɗarin shi ne cututtukan da darɓa ke ɗauka daga wata shuka zuwa wata.

A shekarar 1975, cutar kuturun gyaɗa, wadda wani nau'in darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta dubu 700 na gonakin gyaɗa a arewacin Nijeriya, kuma an ƙiyasta asarar da dala miliyan 250. Tun daga lokacin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da irin gyaɗa masu jure cutar.

A ɓangaren lemo kuwa, baƙar darɓa ce ke yaɗa cutar da ake kira tiristeza, wadda ta kashe miliyoyin itatuwa a Ajantina da Brazil a shekarun 1930 da 1940. Cutar kan bi ta reshen da aka yanko don yi wa lemo aure, don haka dashe guda mai ɗauke da ita kan iya kai ta gonar da ke nesa da Kaduna.

Hanyoyin kariya

Masana aikin gona na ba da shawarar a riƙa duba bayan ganye a kai a kai, musamman da rani, tun da ruwan sama mai ƙarfi kan wanke ƙwarin.

Idan ba su yi yawa ba, ana iya tsinke ganyen da suka kama, ko a fesa ruwan sabulu marar ƙarfi, ko ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana. Rage takin yuriya ma na taimakawa, domin yawansa kan fito da toho mai taushi, wanda darɓa ta fi so.

Maganin feshi mai ƙarfi kan kashe har da ƙwarin da ke cin darɓar, da kuma ƙudan zuma. Saboda kare ƙudan zuman ne Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magunguna uku a fili a shekarar 2018.

Ga mai sayen dashe kuwa, ya kamata ya juya ganyen ya duba kafin ya biya kuɗi, domin dashen lemo kan ɗauki shekaru uku ko fiye kafin a ci moriyarsa.