Me Ya Sa Yara Ke Ƙin Ganye?

Duk wanda ya taɓa lura da yaro ɗan shekara biyu a bakin akushi ya san yadda abin yake: zai cinye tuwo sarai, ya tsame ganyen miya ya ajiye a gefe. Iyaye da dama suna ɗaukar wannan a matsayin taurin kai ko sangarta. Masana ilmin halitta kuwa sun gano cewa dalilin yana cikin yadda aka gina harshen ɗan Adam, kuma sanin dalilin shi ne rabin magani.

Harshe da ɗaci

Ana haihuwar jariri da son zaƙi da ƙin ɗaci. Nonon uwa yana da ɗan zaƙi saboda sukarin da ke cikinsa, don haka son zaƙi yana jawo jariri ga abincinsa na farko. Ɗaci kuwa gargaɗi ne, domin yawancin dafin da tsire-tsire ke yi don kare kansu daga dabbobi masu ɗaci ne. Ɗan Adam yana da na'urorin jin ɗaci kusan iri 25. To, ga shi ganyaye masu amfani irin su zogale, shuwaka da tafasa suna da nasu ɗacin, sai harshen yaro ya haɗa su da abin gudu.

Bugu da ƙari, mutane sun bambanta wajen jin ɗaci. A 1931 wani masanin haɗa sinadarai a Amurka, Arthur Fox, ya lura cewa garin sinadarin PTC yana yi wa abokin aikinsa ɗaci, shi kuwa bai ji komai ba. A 2003 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa wannan bambanci, wato TAS2R38. Shi ya sa za a ga 'ya'yan ɗaki ɗaya, wani na cin gauta, wani ko ɗanɗanawa ba ya iyawa. Akwai kuma tsoron baƙon abinci, wanda ya fi tsanani tsakanin shekara 2 zuwa 6, lokacin da yaro ya fara yawo da ƙafarsa yana kai komai baki.

Abin da ake asara

Karas, kabewa, alayyafo da zogale suna ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Rashinsa yana kawo dundumi, idan ya yi tsanani ya makantar, yana kuma raunana garkuwar jiki har ƙyanda da gudawa su fi yi wa yaro illa. A 1986 Alfred Sommer da abokan aikinsa sun nuna cewa ba wa yara bitamin A a lardin Aceh na Indonesiya ya rage mutuwarsu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ke nan ganyen da yaro ke turewa gefe yana da hannu a lafiyar idonsa da tsawon ransa.

Yadda ake sabawa

Sabo yana farawa tun daga ciki. A 2001 Julie Mennella ta cibiyar Monell da ke Filadelfiya ta ba wasu mata ruwan karas, wasu a ƙarshen goyon ciki, wasu a farkon shayarwa. Da aka ba jariransu abinci mai ɗanɗanon karas, sai aka ga ba su yamutsa fuska kamar sauran jarirai ba. Ƙamshin abin da uwa ta ci yana ratsawa cikin ruwan mahaifa da nono.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci. A wannan lokaci ne ya dace a fara da dafaffiyar kabewa ko karas da aka dama sosai, cokali ɗaya ko biyu, ba gishiri, ba sukari. A ɗiga man gyaɗa ko manja kaɗan, domin hanji ba ya tsotse bitamin A da kyau sai da maiƙo. Kada a ba ƙaramin yaro ɗanyen karas, zai iya shaƙe shi, kuma a wanke duk ganyen lambu da ruwa mai tsabta.

Binciken Leann Birch tun daga 1980 ya nuna abubuwa uku. Na farko, yaro kan buƙaci ya ɗanɗana sabon abinci sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓe shi, alhali yawancin iyaye sukan haƙura bayan gwaji kaɗan. Na biyu, yaro yana koyi da tsaransa, don haka al'adarmu ta cin abinci a kwano ɗaya tana taimakawa, muddin manyan su ma suna cin ganyen. Na uku, yi wa yaro alkawarin alewa idan ya cinye miyarsa yana ƙara rage masa son miyar. Ɗure da tsawa su ma ba sa haifar da ɗa mai ido.

Idan yaro ya tofar da faten alayyafo yau, a ɗauke ba tare da faɗa ba, a sake kawowa jibi. Idan ya yi wayo, a gwada kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, domin gyaɗa tana sassauta ɗacin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kayan aikin duk suna nan a lambu da kasuwar unguwa.